Wanda Ya Yanka Ragon Kirsimeti

"Malam Lado ne dai ya yanka ko?"

"Shi ne, Goggo."

Maganar ta fita kafin Yakubu ya san ya buɗe baki. Goggo Jamilatu ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta jawo kular ta buɗe, ƙamshin soyayyen nama ya cika ɗakin. Tambaya ce ta kowace shekara, kamar tambayar gajiya. Tun Yakubu na rarrafe, duk safiyar Kirsimeti gidansu na Wusasa kan kira Malam Lado mahauci ya yanka ragon, don yayar babansa da ke nan Kusfa, ita da iyalinta Musulmi, su ci babu wasuwasi.

Bana ce Kirsimeti ta farko da babu Baba, bana kuma Yakubu ya shiga aji uku a makarantar tauhidi. Ya cika kansa da tarihin masu bi na farko, waɗanda aka ce su ɗan zuba turare a gaban gunkin sarki su tsira da ransu, suka ƙi, aka jefa su ga zakuna. Ya sha yin kuka a kan labarinsu. Shi ya sa da sassafe ya tsaya a tsakar gida da wuƙa, ya ce wa mahaifiyarsa, "Mama, ranar haihuwar Mai Cetonmu ce, sai mun ari hannun wani kafin mu ci nama? Mu 'yantattu ne." Ya yi addu'a, ya yanka. Da Malam Lado ya iso, sai ya tarar ana fiɗa. Ya yi musu barka, ya tura kekensa ya tafi.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta cika kular, ta miƙa masa. "Kai za ka kai, kai kuma za ka gaya mata."

Tun daga gindin dutsen Kufena har ya shigo cikin ganuwar birni yake tsara jawabinsa a bayan ɗan acaɓa. Jawabi mai kyau ƙwarai, mai taushi, har da inda zai riƙe hannunta. Ga shi tsohuwa ta yi masa tambaya ɗaya ba ta ko dube shi ba, ya zuba turarensa.

"A'a, Fasto babu coci!" Radiya ce, 'yar Goggo, abokiyar wasansa, ta shigo da tire tana gyara mayafi. "Bana ma kai kaɗai? Ina amaryar? Ko har yanzu littattafan nan kake zuwa zance wurinsu?"

"Suna gaishe ki," ya ce a taƙaice.

"Iye! Yau bakin ya mutu. Umma, duba min shi, ko wata ta yaudare shi ne?"

"Ƙyale min ɗana, maraici ne." Goggo ta ɗebi shinkafa ta shaƙe kwano, ta jera manyan tsoka a kai. "Wannan na gidan Malam Ashiru ne. Ki ce daga gidan ɗan'uwana marigayi. In sabuwar surukarsu ta yi wani nuƙu-nuƙu, ki ce ni na ce su ci. Tun ba a haife ta ba nake tsaya wa naman gidan nan, ban taɓa jin kunya ba."

Radiya ta ɗauki tiren, ta yi masa gwalo, ta fita. Yana jin ƙarar takalmanta har soro. Ya so ya kira ta, amma ya bari ta wuce. Ya kafa ido a kan tabarma. Ashe abin da ya kira 'yanci da safe, da bakin wannan tsohuwa zai biya shi. Shi da ya ce yana kishin wanda aka haifa a sakarkarin dabbobi, wanda ya zo ya zauna cikin mutane yana ci a gidajensu, ga shi a ranar haihuwarsa ya rufe ƙofar da Baba ya yi rayuwarsa yana riƙe da ita a buɗe, ya kuma ɗora ƙarya a kai.

Goggo ta wanke hannu, ta zaɓi hanta. "Babanka kullum sai ya ware min wannan. Bismillahi."

"Goggo, ajiye."

Hannunta ya tsaya.

"Ba Malam Lado ba ne. Ni na yanka." Hawaye suka ɓalle masa. "Ƙarya na yi miki."

Ta mayar da hantar cikin kular a hankali, ta rufe. Ta daɗe tana goge yatsunta da gefen zane.

"Malam Ladon ba shi da lafiya ne?"

"Ya zo. Na riga shi ne, da gangan."

"To." Ta jinjina kai. "Da ka faɗa tun da fari, ai malamai sun yi magana a kan yankanku, mai ci ya ci, mai bari ya bari. Ni da na karɓa na sa albarka, na ba wanda zai ci. Amma ka zauna kana kallona na aika da sunana. Yakubu, a ɗakina?"

Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ta laluɓi mayafinta, ta dafa bango za ta miƙe. "Bari in je kafin su sa hannu. In ce musu na ruɗe ne, tsufa."

Ya riga ta tashi, ya tare ƙofa, yana share fuska da hannun riga.

"Ba za ki yi ƙarya saboda ni ba, Goggo."

"Ka san gidan cike yake da baƙi? Ka san abin da za a ce da ku gobe a unguwar nan?"

"Na sani." Ya zura takalmansa. "Ki zauna. Ni zan je, in yi sallama da Malam Ashiru, in gaya masa a gaban kowa cewa ni na yanka, ni na yi miki ƙarya, ke ba ki sani ba."