Jirgin Abarshi Ya Zauna

"Wanga abu ba ya zama," in ji Labo masassaƙi. Ya sake tsai da jirgin bisa tabarma, ya janye hannu, jirgin ya kishingiɗa gefe guda. "Kun gani? Ko akushi na sassaƙa ya yi haka, mai shi dawo mini da shi zai yi."

Ina gefe ina tuyar ƙosai, ina jin su. Mazan unguwarmu ta Dogarawa ke nan, sun taru inuwar iccen bedi kowa na koya wa Abarshi yadda ake jirgin ruwa, alhali duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi tabkinmu na bayan gari. Ahmadu tela ya ce a ɗinka mashi ƙyalle iska ta riƙa tura shi. Malami ya ce a rataya mashi laya a goshi. Takama direba kuwa, da gaske yake ko wasa oho, cewa ya yi a sa mashi ƙafafu irin na mota kowa ya huta.

Abarshi ya ɗauki abinsa ya aza bisa cinya. Tsawonsa ya kai hannun babban mutum, na iccen danya, da ɗakuna bisa ɗakuna, da bututun hayaƙi na gwangwanin tumatir, da ƙananan tagogi da ya huda da ƙusa mai zafi. Ƙarƙashinsa akwai wani siririn tudu tun daga kai har gindi, ya kuma liƙa mashi ƙarfe mai nauyi da ya roƙo wajen maƙeri.

"Ba don ƙasa na yi shi ba, Labo," ya ce. "Wanga da kake gani ƙashin bayansa ne. Shi ke nutsewa cikin ruwa ya riƙe na bisa, in babu shi..."

Tari ya kwace maganar. Ya yi ta yi har hularsa ta faɗi. Kafin ya dawo hayyacinsa an kira azahar, kowa ya kakkaɓe riga ya tashi, ba wanda ya tsaya jin ƙarshenta.

Na miƙa mashi ruwa na ce, "Sha, sarkin jirage. Tsoho da kai kana wasan yara."

"Ke dai gyara ƙosanki, Hindu, ya yi gishiri," ya ce.

Abarshi taubashina ne, darni ɗaya ya raba gidana da nasa, don haka abin da na ga dama nake faɗa mashi. Ya daɗe Kurmi, can Takoradi, yana dakon kaya bakin teku. Da ɗansa Iliyasu ya tasa sai ya tafi da shi, ya samar mashi aiki cikin ɗaya daga manyan jiragen nan. Shekarar da anka koro mutanenmu daga Gana, jirgin Iliyasu ya yi nisa cikin teku. Abarshi ya dawo shi kaɗai bayan motar kaya, da tabarma da buta da wannan tarin. Tun daga nan babu saƙo, babu wanda ya ce ya ga yaron.

Matarsa Zalika ba ta yi mashi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Iliyasu ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ko goyonsa kakarsa ce ta yi. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Amma ni da nake jin motsin gidan na san ta daina barcin kirki. Ta ce mini kullum mafarkinta ɗaya, tana ganin wani abu kamar ƙwarya bisa ruwa, sai ya kife.

Abarshi ya rantse mata cewa irin jirgin da yaron ke ciki ba ya kifewa. Ta ce ita ba ta taɓa gani ba. Shi ne ya ce zai sassaƙa mata irinsa, in tabki ya cika ya kai ta ta gani da idonta. Damina ta farko ta same shi bai ko gama fafe cikin ba, don hannu ya fara rawa. Ya ci gaba da rani, yana kankara da fasasshen kwalba, yana toshe tsaga da kwaltar da Takama ya ɓanɓaro mashi daga bakin hanyar Ƙonni. Ni dai haushi abin ke ba ni, mutum na tofar da jini yana zaune cikin garin icce.

Da bazara ta shigo ya kwanta. An kai shi likita Ƙonni, an yi allurai, an dawo da shi ya fi da ramewa. Jirgin na nan zaure a kishingiɗe, saura kaɗan a gama.

Wata safiya maza sunka zo gaisuwa. Zalika ta fito da ruwa, ta tsaya tana duban jirgin, ta ce kamar da kanta take magana, "Ko bisa ƙasa bai tsaya ba, balle bisa ruwa."

Labo ya ji. Labo mutumin kirki ne, wallahi ban taɓa ganin ya cuci kowa ba, kuma turmin da ya sassaƙa mini har yau bai taɓa girgiɗi ba. Sunka koma inuwar bedi sunka yi shawara. Malami ya ce ciwo ne ya hana bawan Allah daidaita gindin. Ahmadu ya ce abin kunya ne a ce unguwa guda da masassaƙi a bar mutum ya tafi da aikinsa a karkace. Kowa ya yarda. Ni lokacin ina rijiya, daga baya na ji labari; da na dawo na ga zaure wayam, babu jirgin.

Washegari da hantsi sunka shigo har ƙofar ɗakin, Labo na gaba ɗauke da jirgin. Ya shafe shi da man gyaɗa yana ƙyalli. Ya durƙusa ya ajiye shi tsakar ɗaki, ya janye hannu a hankali. Jirgin ya zauna daram.

"Ga shi nan, Abarshi," ya ce. "Mun ƙarasa maka."

Zalika ta kai hannu baki. Ta zagaya shi, ta ɗan taɓa shi da yatsa, bai motsa ba. Sai ta yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin a koro mutane.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta juya ga mijinta. "Ashe yana tsayuwa. Malam, ka gani? Yana tsayuwa."

Abarshi ya ce a miƙo mashi. Anka aza mashi bisa ƙirji. Ya shafa bututun, ya shafa tagogin, sannan ya zura hannu ƙarƙashi. Na ga yatsunsa sun bi gindin tun daga kai har ƙarshe, sumul kamar bayan faranti, babu ƙashin babu ƙarfen. Sunka sake bi. Ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Na gane abin da anka yi, don ni na ji rabin maganar da ya yi ranar nan, na kuma san sauran rabin.

Da ya buɗe ido Zalika ya duba, ba Labo ba. Tana nan tana murmushinta.

"Allah ya saka, Labo," ya ce. "Hannunka na da kyau."

Maza sunka fita suna jin daɗi. Zalika ta tafi dama mashi kunu. Ya yafuto ni da yatsa, na matso.

"Hindu, kar ki bari ya shiga ruwa."

"Mi zai hana ka gaya mata? Ko a kira Labo ya mayar?"

"Kin ga fuskarta?" Ya tsaya ya nemi numfashi. "In na ce an ɓata, ta koma jiya. In ya sake kwanciya gefe, ta koma jiya. Bar ta ta yi barci. Ke dai ki san dabarar da za ki yi, ba ki rasa baki ba."

"Kai ka tashi ka yi dabararka. Ni ƙosai na iya."

Ya yi ɗan dariya, tari ya biyo baya. Na riƙe mashi kai har ya lafa, raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba.

Bai kai ga ruwan farko ba. Ranar wata kasuwar Dogarawa, rana tsaka, zafi kamar a gasa mutum, ina jin motoci na ta hon bakin hanya, Zalika ta leƙo ta darni ta ce in zo. Na tarar da shi ya juya fuska bango, numfashi na fita da ƙyar. Malami ya zo ya zauna yana laƙƙana mashi kalmar shahada. Ya karɓa sau ɗaya a fili, sauran leɓe kawai ke motsi. Hannunsa na dama ya sauko daga gado yana lalube, Zalika ta tura mashi jirgin kusa, ya ɗora yatsu bisa bututun. Haka ya cika. Kafin la'asar an kai shi.

Zalika ta shiga takaba, ta kai jirgin ƙuryar ɗaki ta rufe da zane. Na haƙura har anka yi sadakar bakwai, sannan na tare Labo bayan masallaci na faɗa mashi komai. Ban sassauta ba, don abin ya cika mini ciki. Mutumin nan ya zauna bisa ƙasa da rigarsa ta Juma'a.

"Shi ya sa ya duba ta bai dube ni ba," ya ce. "Hindu, ki fito mini da shi yini ɗaya. In sassaƙa wani ƙashin in mayar."

Na gwada. Na ce mata gara za ta ci shi, a kai wa Labo ya sake shafa mai. Ta ce babu mai sake taɓa shi. Na ce a bar shi ɗaki abin tunawa, ruwa ɓata icce yake. Ta ce, "Marigayi ya ce in gani da idona, yaya." Namiji kuwa ba ya shiga wurin mai takaba, balle Labo ya roƙe ta da bakinsa. Ruwa ya sauka, anka yi shuka, gero ya yi kai, tabki ya cika har ya taɓa gonar Malami. Ita tana ɗaki tana jan carbi, tana barci lafiya, har ta ɗan yi kumari. Duk ranar da na shiga da niyyar faɗa mata gaskiya, sai in ga fuskar nan in fasa.

Ranar da ta fita takaba, da anka gama wanka da sadaka, ta ɗauko jirgin ta aza bisa kai kamar tulu.

"Raka ni," ta ce.

"Zalika, rana ta yi. Bari gobe."

"Ruwa na janyewa."

Munka bi ta cikin gonaki, ana ta yankan gero. Labari ya riga mu, maza sunka biyo mu nesa-nesa. Na hango Labo can baya, hannunsa ɗaya cikin aljihu. Na san abin da ke ciki, don tun damina yake yawo da sabon ƙashin da ya sassaƙa, da ƙarfensa, bai sami inda zai liƙa shi ba.

Tabkin ya ja baya ya bar laka da sawun shanu. Zalika ta tattare zane ta shiga har gwiwa. Ta sauke jirgin, ta yi bisimilla, ta aza shi bisa ruwa. Ta sassauta yatsu. Nan take ya karkata, bututun ya nufi ruwa, tagogin gefe guda sunka nutse. Ta cafke shi. Ta daidaita, ta sake sassautawa, ya karkata ɗaya gefen.

Ta juyo ta dube ni.

"Yaya, haka yake yi?"

Na shiga ruwan da zanena da komai. "A'a, wallahi ba haka yake ba. Akwai ƙashi ƙarƙashi, shi ke riƙe shi, shi anka cire don ya zauna. Taimako anka yi niyya. Mijinki ya sani, ya hana a faɗa miki. Na gaske yana da ƙashinsa, ba ya kifewa. Ga Labo can da wani, yanzu a mayar ki gani."

Labo ya matso har bakin laka, ya fito da abin yana miƙowa. Zalika ta dubi iccen, ta dubi jirgin.

"To shi jirgin da wancan yake ciki," ta ce a hankali, "wa ya sani ko shi ma an samu masu taimako?"

Na waiwaya wajen Labo.

"Kawo a gyara, Zalika," in ji Labo. "Don Allah."

Ba ta ko juya ba. Ta sa hannu biyu ta tallabe jirgin ta ƙasa, inda ƙashin yake da, ta tsai da shi sosai bisa ruwan. Ta sunkuya kamar mai yi wa jariri wanka. Sai na ji ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinta ba tun ranar suna.

"Iliyasu," ta ce. "Na riƙe."

Maza sunka juya ɗaya bayan ɗaya sunka koma gona. Labo ya tsuguna bakin laka da iccensa a hannu. Shanun wani Bafillace sunka gangaro can ɗaya gefen sunka fara sha, ƙananan igiyoyin ruwa na zuwa suna bugun gefen jirgin, tana nan tsaye riƙe da shi.