Mai Taka Injin Jaji

Shekarar da hanyar jirgi ta wuce Ringim, Turawan aikin suka kwashe kayansu suka yi gaba, suka bar wani injin fiƙe ƙarfe a ƙarƙashin rumfa, tsatsa tana cinsa. Irin wanda ake takawa da ƙafa ne, sai wani ƙaton faifan ƙarfe ya juya, abin da aka ɗaura masa shi ma ya riƙa juyawa ana fiƙe shi.

Jaji, wani maƙeri mutumin Dutse, ya kai fartanyoyi kasuwar Ringim ya gan shi. Bai bar garin ba sai da ya saye shi, ya kwance shi gunduwa-gunduwa, ya ɗora wa jakai.

Damina guda ya yi yana fama. Ƙananan ƙarafan ya jiƙa su a ruwan tsamiya, manyan ya dirje da yashi da tsumma. Ya tsiyaya man gyaɗa a kowace gaɓa, baduku ya yanko masa igiyar ƙirgi. Da ya zo kafa shi a maƙera, sai ya ɗora ƙwarya cike da ruwa a kansa, yana cusa duwatsu a ƙarƙashi har ruwan ya daidaita da bakin ƙwaryar.

Ranar da ya fara takawa ya ji nauyi kamar yana tura bango. Can sai abin ya yi sauƙi. Ya ɗauke ƙafarsa don ya gyara zama, sai matakin injin ya ci gaba da sauka yana tashi. Ya tsaya yana kallo, yana jira injin ya mutu da kansa. Bai mutu ba sai da ladan ya kira azahar.

Jaji bai faɗa wa kowa ba. Aiki yana fita sumul, mutane har daga Kafin Hausa suna kawo gyara, shi kuwa ƙafarsa ba ta gajiya. Abu ɗaya ya lura da shi: takun ba nasa ba ne. Sau biyu da ƙarfi, na uku da ɗan jinkiri, kamar na mai ciwon gwiwa.

Wata rana da hantsi matarsa Luba ta kawo fura da ludayi biyu.

"Na wa ne ɗayan?" in ji shi.

"Na baƙonka mana, Maigida. Tun ɗazu nake jin nishinsa ta katanga."

Ta duba maƙerar, ba kowa sai mijinta. Ta ajiye ƙwaryar a hankali ta fita, daga ranar ba ta ƙara tsallaka ƙofar ba.

Da kaka, wata tsohuwa ta yi sallama, ƙafafunta duk faso. Ta ce sunanta Mailafiya, daga Taura take, a Ringim aka kwatanta mata gidan. Ɗanta Zailani yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin hanyar jirgi, shi aka sa yana taka injin nan. Zazzaɓi ya kama shi bai daina ba, har ya faɗi a kansa. An binne shi a can, ita labari kawai aka kai mata.

"So nake na ga inda ya tsaya, ɗana."

"Shigo, Inna," in ji Jaji.

Ta ce ya taka ta gani. Ya taka, injin ya ɗauka, ya janye ƙafarsa don ya san ɓoyo ya ƙare. Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta karkata kai tana saurare. Ba ta firgita ba.

"Gwiwar hagu ce," ta ce. "Jaki ya harbe shi yana yaro." Ta dubi Jaji. "Tun yaushe?"

"Tun damina, Inna."

Ta matsa ta ɗora tafin hannunta a kan matakin, yana ɗaga hannun yana saukewa.

"Zailani, ni ce. An tashi daga aiki, kowa ya koma gida. Ka huta haka nan."

Faifan ya rage gudu, ya yi juyi ɗaya a hankali, ya tsaya. Wani dogon numfashi ya fita a tsakaninsu, toka ta ɗan tashi daga murhun maƙerar.

Jaji ya kira Malam Falalu mai makarantar allo ta unguwar, aka yi wa mamacin addu'a, aka raba waina sadaka. Ya ɗora tsohuwar a jakinsa ya raka ta har Taura da kansa. A hanya take ba shi labarin Zailani: ba ya cin kuɓewa, kuma ya iya busa sarewa. Da suka isa ta nuna masa gonar ɗan nata, ciyawa ta rufe ta. Jaji ya kwana biyu a garin, ya share gonar kafin ya juyo.