Imel ɗin Baƙin Ruwa

Aikin da ke ciyar da ni shi ne buga katin gayyata da fosta a wani shagon ɗab'i. Wanda nake so kuwa na sa-kai ne: ina cikin masu rubuta manhajar wiki, irin shafukan nan da kowa ke iya shiga ya rubuta, wani ya zo ya gyara. Manhajar a buɗe take, duk gyaran da muka yi duniya na kallo.

Ranar nan da hutun rana, ina ci da hannu ɗaya, ina duba sabuwar fitowar manhajar a wikin unguwarmu. Na buɗe shafin da ya fi tashe, wanda wani mai ɓoye suna, Baƙin Ruwa, ke zuba hotunan dagwalon da kamfanin rini ke saki a magudanarmu. Kamfanin ya daɗe yana nemansa ruwa a jallo. Na taɓa sunansa a tarihin shafin, sai ga imel ɗinsa ya fito ɓaro-ɓaro, abin da bai kamata kowa ya gani ba.

Imel ɗin Yayana ne. Ni na buɗe masa shi da hannuna. A kamfanin yake aiki, kuma da aikin yake riƙe da Mama da matarsa mai tsohon ciki.

Na ture abincin gefe. Gyaran layi ɗaya ne, na rubuta shi nan take. Amma a ƙa'idarmu ba mai shigar da gyaransa da kansa, sai wani ya duba ya amince. Irin wannan ɓaraka kuma a asirce ake kai ta, don in ka bayyana ta kafin a toshe, ka nuna wa kowa ƙofa. Na tura wa babbanmu, wani dattijo da muke kira Kawu, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da alama dare ne a inda yake, bai farka ba.

Ina jira sai ga wani sabon shiga, mai rawar kai, ya manna hoton matsalar a dandalinmu na fili, har da alamar dariya. Da shafin rini ya yi misali! Na rubuta masa ya goge, na haɗa da kalmar da ba zan maimaita ba. Ya goge, ya ba da haƙuri, amma mutane sun riga sun gani.

“Malama, katin nan fa?” in ji mai shagon daga bayan inji.

“Yanzu, Oga.”

Na shige ɗakin ajiyar takarda na kira Yaya. Ƙarar injuna na tashi a bayansa.

“Autar Mama, lafiya da tsakar rana? Ko kin ƙona musu shago?”

“Yaya, kai ne Baƙin Ruwa?”

“Wa ya faɗa miki?”

“Manhajarmu. Duk wanda ya taɓa sunan zai ga imel ɗinka. Bari in sa mai kula da wikin ya sauke shafin gaba ɗaya, yanzu-yanzu.”

“In an sauke, ruwan zai daina wari?”

“Yaya, don Allah! Anti fa ta kusa haihuwa.”

“Shi ya sa. A bakin wannan magudanar ɗana zai yi rarrafe. Kar ki taɓa mini shafi. Ki toshe raminku kawai.”

Ya kashe. Na ji haushinsa, na ji tsoro, na kuma ji kunya, don mu muka yi wa mutane alkawarin rufin asiri.

Kawu ya farka daga inda yake a duniya. Maimakon ya amince, sai ya ce in haɗa da gwajin da zai tabbatar gyaran ya yi. Na kusa jefa kwamfutar cikin kwandon shara. Gaskiyarsa ce, shi ya ƙara ba ni haushi. Na rubuta gwajin Oga na tsaye a kaina yana tsaki. Kawu ya amince. Na kira mai kula da wikin, malamin makaranta ne, sai da na fito da shi daga aji ya sabunta manhajar. Na sake taɓa sunan. Babu komai.

Na kira Yaya in yi masa albishir, bai ɗauka ba. Na sake kira, bai ɗauka ba. Na buga katin mutane a karkace.

Da na koma gida na tarar da shi zaune a kan dakali, alhali lokacin tashinsu daga aiki bai yi ba. Takalmansa na roba da kofin shayinsa na wurin aiki suna cikin leda a gefensa: sun sallame shi ke nan. Mama na ciki tana jan carbi da ƙarfi.

“Yaya, mun toshe,” na ce.

“Sannunku da ƙoƙari.” Ya matsa mini wuri. “Ara mini kwamfutarki. Akwai hotunan da a da nake tsoron sawa.”