Waldar da Na Yi wa Jirgin Zubair

Shekara arba'in da bakwai ina walda a bakin hanyar Maraɗi, nan Jibiya. Duk direban motar hatsin da ya taɓa karyewa tsakanin Magama da Ɗan Isa ya san sunan Arzika. Ƙa'idata ɗaya ce: ƙarfe in yana motsi, ko ka ɗaure shi, ko ka kama shi da wuta. Da ita na ci da gidana.

Ɗana Zubair ya yi boko mai zurfi, ya koyi tuƙin ƙananan jirage a wani kamfanin feshin gonaki. Shi ya sayo jirgin. A akwati huɗu ya zo ta Maraɗi, gunduwa-gunduwa, da littafin haɗawa. Keke ne mai ƙafa uku, inji da farfela a baya, sama kuma fiffiken yadi a ɗame kan bututan alminiyam. Masu ƙera shi suna yin mai kujera ɗaya, suna yin mai biyu. Zubair ya zaɓi mai biyu.

Abokina Ya'u, tsohon direba, ya leƙa akwatunan ya ce, "Arzika, an cuci ɗanka. Lema da amalanke aka sayar mishi."

Zubair ya yi dariya, ya dafa kujerar baya. "Wannan taka ce, Baba."

Na san abin da yake nufi. Gonarmu tana can wajen Mazanya, kuma a maƙabartar da ke gefenta, kusa da wata tsamiya, aka binne mahaifiyarsa Salmatu. Shekara huɗu ban taka wurin ba saboda 'yan bindiga. Ya ce ba za mu sauka ba, zagaye ɗaya za mu yi in gani da idona. Ya sha zirga-zirga kafin hukuma ta yarda ta ba shi izinin kwana goma.

A filin shagona ya haɗa shi, sati uku. Bai bar ni na taɓa ko noti ɗaya ba. Yana da wata sifana da ke yin ƙas in noti ya kai yadda littafi ya ce, sai ya tsaya. Ni aikina riƙe kwanon notoci.

Ya'u kan ce, "Sannu da aiki, yaron shago. Yau nawa maigida ya ba ka?"

Abin ya ci ni.

Ranar wata Alhamis Zubair ya tafi Katsina karɓo takardar izinin. Na zagaya jirgin ni kaɗai, na ɗora hannu a fiffiken. Sai ya karkata. Na tura gaba, ya tafi. Na hau benci na duba. Duk fiffiken nan a kan ƙusa ɗaya yake lilo, tsakanin wasu faifan ƙarfe biyu da suka rungumi babban bututun tsakiya. Na ce a raina, ɗana zai hau sama rataye da abin da ko ƙofar mota ba zan bari ta fita shagona a haka ba.

Dalilin da na ba kaina ke nan. Akwai wani: ina son a ce da hannun Arzika a jirgin. Waya tana aljihuna, ban kira Zubair ba. Na jawo wayar walda na kama faifan nan biyu ta kowane gefe. Ban taɓa yin walda mai kyanta ba. Na girgiza fiffiken da ƙarfina, ko gezau.

Bayan la'asar ya dawo da takarda a hannu. Ya'u da wasu direbobi uku suna zaune a benci. Na ce, "Zo ka ga abin da littafinka ya manta."

Ya kama sandar da ke gaban kujerar direba ya tura. Ba ta motsa ba. Ya ɗaga kai ya ga waldar. Sai ya zauna a ƙasa.

"Baba, mi ka yi?"

"Na ɗaure abin da ka bari yana rawa."

"Da rawar nan ake tuƙa shi. Ba shi da sitiyari. In na tura sandar, fiffike ya karkata, jirgi ya bi. Yanzu ko ya tashi ba zai juya ba."

"To sai in yanke."

"Ko ka yanke, wuta ta shiga bututun. Alminiyam da ya sha wuta ba a rataya rai a kansa." Sannan ya ce, "Ai na roƙe ka kada ka taɓa."

A gaban mutane ya faɗa. Ya'u ma ya daina dariya. Na ce, "Ni za ka koya wa ƙarfe? Ina walda ba a ko auro uwarka ba."

Ya tashi, ya durƙusa, ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba. Na yi kuskure."

Ni na ɓata, shi ya ba da haƙuri. Na kuwa karɓa. Na ce, "Ya wuce," na shiga shago.

Ya aika a kawo sabon bututu. Bututun yana isowa Maraɗi aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Kwana goman izini suka ƙare jirgi yana ƙarƙashin tamfol. Zubair ya koma bakin aikinsa. Yana kira duk Juma'a, mu gaisa, ba mai ta da maganar.

A cikin shekarar idona ya fara hazo. Na ɗauka hayaƙin walda ne. Likita a Katsina ya ce jijiyar ce ta mutu, abin da ya tafi ba ya dawowa. Lokacin da bututun ya ƙetaro, in Ya'u ya tsaya taku goma daga gare ni sai ya yi magana nake sanin shi ne.

Zubair ya zo ya sauya bututun, ya sake samo izini. Da safen da zai tashi ya kama hannuna ya ɗora a fiffiken. Yana lilo kamar da.

Ya ce, "Hau mu je, Baba."

"In je in ga mi?"

Sai na ce, "Waldar nan laifina ce. Haƙurin da ka ba ni ran nan ma, ni ya kamata in ba ka."

"Haba Baba, ya wuce."

"Bai wuce ba. Tafi."

Ya tafi da kujerar baya ba kowa. Na bi ƙarar injin da kunne har ta ɓace ta wajen Mazanya. Da ya dawo ya ce tsamiyar tana nan, gonar kuma ta zama sabara. Na tambaye shi ko ana gane kabarin daga sama. Ya ce shi bai gane ba, don yana makaranta aka yi jana'izar, bai san ta wane gefen tsamiyar yake ba.

Ni na sani. Ta gabas yake, na uku daga gindinta.