Tsinken Tsintsiya a Garin Gahawa

Kai ma ka yi abin da Sa'adatu ta yi. Shekara da shekaru ana haɗa maka abu a gabanka, kana miƙa hannu ka karɓa, idonka na kan waya.

Mijinta Zakari malamin asibiti ne a Yelwa. Yana da wani ɗan inji da ya sayo a Abuja, mai tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa, ta tsiyayo baƙa mai kauri, kurɓi biyu kacal. Kullum da safe shi ke haɗa musu. Da ya rasu, ya bar injin da rabin gwangwanin garin gahawa.

Bayan ta fita takaba ta fara gwadawa. Takan cika ɗan ludayin injin ya yi tozo kamar mudun gero, ta danne. Ruwan sai ya fito a guje, tsararo, ga tsami ga ɗaci. Haka garin ya yi ta raguwa, har ya rage na finjali ɗaya.

"Yaya, ki ƙyale injin nan," in ji Kulu ƙanwarta, tana shara. "Ga shayi. Abin nan ko maganin zazzaɓi ya fi shi daɗi."

"Nasa ba haka yake ba."

"To, ya tafi da nasa."

Sa'adatu ta zauna bakin taga. Can nesa kogi ya kwanta fari fat, kwale-kwale ɗaya na tafiya a kai kamar babu matuƙi. Tsintsiyar Kulu na jan ƙasa a hankali. Ta lumshe ido, sai ta jiyo muryar kanta tana yi wa Zakari mita kamar dā: ka ƙarar mini da tsintsiya! Ga shi nan tsaye da farar singileti, ya zaro tsinke, ya juya mata baya, yana magana shi da ludayin: "Ruwa malalaci ne. In ya samu kafa, nan zai bi, ya bar sauran garin a bushe."

Ta buɗe ido. "Kulu, ba ni tsinke ɗaya."

"Sakace da sassafe? Naman wa kika ci?"

Ta wanke tsinken, ta goge. Ta juye sauran garin a ludayin, ta dinga zagaya shi tun daga ƙasa har sama, gudajin na watsewa, har ya baje ko'ina daidai. Ta ɗan bubbuga gefen, ta danne ba karkata. Ta kunna injin.

Shiru. Sannan gahawar ta fara zubowa kamar zuma, da kumfa ruwan ƙasa a kai.

Ta kurɓa. Irin nasa ce. Ta riƙe ta a baki, ta ƙi haɗiyewa, gwangwanin na gefe ba komai ciki.

Gobe da safe, duk mai haɗa maka abin da kake sha, ajiye wayar nan ka je ka tsaya kusa da shi. Ka ce ya nuna maka, kuma ka kalli hannunsa.