Bokitin Mang Isko

Ni ba na gudu, tura ni ake yi. Cutar da ke cinye tsoka ta gama da ƙafafuna tun ina ƙarami, bara kuma ta kai ƙirjina, aka huda min maƙogwaro aka haɗa ni da injin numfashi a ƙarƙashin kekena. Yayata Luningning ce ke tura ni a tseren dogon zango, muna tara wa masu binciken maganin cutar gudummawa. Ate nake ce mata, wato Yaya da yarenmu na Filifin. Ina sonta, amma zuciyarta a kusa take.

Tseren bana ya faɗo ranar bikin San Juan, ranar da duk wanda ya gifta a garinmu sai an sheƙa masa ruwa don albarka. Ate tana gudu tana ihu, "Ban da mai keke!" Mutane suna kaucewa da bokitansu.

A bakin kasuwa Mang Isko mai kifi ya hango ni. Tsohon nan ya goya ni ina jariri, ga shi kunnensa ya yi nauyi.

Ya kira sunana, "Dindo, ɗana! San Juan ya ba ka lafiya!"

Ya juye min bokiti guda. Injin ya yi ƙara, ya mutu.

Ate ta saki keken ta yi kansa. Naushin farko ya fasa masa baki, ya faɗa kan tiren kifi. Ta haye ƙirjinsa tana dukan fuskarsa. "Tsohon banza! Kashe min shi za ka yi?" Ya kauce, hannunta ya daki siminti, na ji ƙashin ya ce ƙas. Ta ci gaba da hannun hagu, har shi ma ya fashe. Jama'a suka yi musu zobe, duk sun ba ni baya.

Ni kuwa in babu iska babu murya. Ina kallon ƙeyarta, idona yana duhu, tsoro da haushinta sun cika ni. A kaina take faɗan, ta manta da ni.

Mang Isko ne, daga ƙasa, ya nuna ni da yatsa.

Ate ta zabura, ta fizgo jakar robar da ake matsa min iska da ita, ta haɗa a maƙogwarona da ƙyar. Ta matsa, yatsun suka ƙi. Ta sake, ta kurma ihu.

Tsohon ya rarrafo ya karɓa da hannuwansa masu ƙarnin kifi. Iska ta shige ni.

"Haka, 'yata?" ya tambaye ta, jini yana ɗiga daga bakinsa kan rigata.

Ate ta durƙusa a gabansa, ta ɗaga murya don ya ji.

"Haka, Mang Isko. Don Allah kada ka tsaya."