Rigar Marquell

A garinmu Pellam, namiji bai cika namiji ba sai ya kunna wutar Juma'a. Duk shekara, ana gobe wasanmu da Kwalejin Orrick, ƙungiyar magoya baya takan tara itace a filin bayan makaranta, tuli guda kamar ɗaki, a kafa mutum-mutumin ciyawa a bisa, a sa masa jar riga irin ta 'yan Orrick. Da rana ta faɗi sai a miƙa wa mutum ɗaya sanda mai wuta, gari ya tsaya yana kallonsa. Wanda ya kunna, hotonsa ake liƙawa a bangon shagon aski. Mahaifina ya mutu bai kunna ba, kuma har a gadon asibiti maganar yake yi.

Ni Harlan Tuggle, mai sayar da tayoyin mota, na fi shekara ashirin ina jiran layi ya zo kaina. Ban taɓa karatu a Kwalejin Pellam ba. Iyakar alaƙata da ilimin wurin, ni nake yi wa malamansu faci. Amma in ana maganar ƙwallo, irin tamu da ake runguma a ruga da ita, "mu" nake cewa, mun ci, an cuce mu, kamar ni ake dannewa a fili.

Bana layi ya zo kaina. Bana kuma Marquell Boykin ya koma Orrick.

Akwai wata al'ada ta ƙungiyar: duk ɗalibi ɗan wasa da ya zo daga nesa, a ba shi gidan da zai riƙa cin abinci ranar Lahadi. Namu shi ne Marquell. Shekara biyu yana zama a kujerar da ke kusa da taga, yana cin soyayyar kazar matata Darlene kamar wanda ya yi rantsuwa. Ba mu da ɗa namiji, 'yarmu kuma ta yi aure a nesa, saboda haka Darlene ta riƙe shi riƙon gaske. Ita ke rage masa tsawon wando, ita ke yi masa faɗa in ya faɗi jarrabawa.

A wasan bara da Orrick, yaron nan ya rungumi ƙwallo ya ruga da ƙarti uku rataye a jikinsa har ya tsallake layin cin maki, rigarsa ta yage a kafaɗa. Mun ci. Washegari ya kawo mini rigar a leda, da ciyawarta da warinta. Na sa ta a gilashi na rataye a falo, baya na kallon mutane, don a ga suna da lamba.

Sai kocinmu ya samu aiki a wata babbar makaranta ya tattara ya tafi. Liyafa muka yi masa, da kek, ni ma na yi jawabi. Sabon koci ya zo da nasa yaran, ya zaunar da Marquell a benci. Da bazara ta yi, yaro ya nemi canji. Duk faɗin ƙasar nan bai ga inda zai je ba sai Orrick, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Ranar Litinin ta makon wasa, Buford Skaggs, shugaban ƙungiyarmu, ya shigo shagona yana dogara sanda. Ya haura saba'in, kuma ya haddace sakamakon kowane wasa tun kafin a haife ni, amma sunan jikokinsa sai an tuna masa.

"Harlan, ɗana, mun zauna mun yanke shawara," in ji shi. "Bana ba jar riga za mu ƙona ba. Rigar maci amana za mu ƙona."

"To sai a sayo, Mista Buford. An karyar da su a shagon bakin makaranta."

"Wa ke maganar ta shago? Ta falonka muke so. Ta gasken."

Na ce ai kyauta ce. Ya ce wuta ma kyauta ce, kuma Lonnie Gaither ne a bayana a layi, ya riga ya yi aski. Lonnie mai maganin ƙwari ne, mutumin da bai san bambancin ƙwallo da kankana ba sai da ya auri ƙanwar Buford.

Kada a ɗauka tausayin Marquell nake ji. Haushinsa nake ji, har ba na iya kallon kujerar taga. Na gaya wa Darlene maganar da yamma, ina sa ran ta ce in yi yadda na ga dama. Ta ajiye cokali.

"Harlan Tuggle," ta ce. In ta haɗa da sunan ubana, to hadari ya haɗu. "Ka taɓa gilashin nan ka gani. Kuma ka sani, na gayyace shi cin abincin bikin godiya na shekara ranar Alhamis."

"A gidan nan? A wannan makon?"

"A'a, a kan rufi."

Ya zo kuwa. Ya yi hankalin ajiye motarsa a bayan gida, amma maƙwabciyarmu tana da labule kuma tana da waya. Ya shigo da furanni a hannu, ya ƙara faɗi, wuyansa kamar kututture.

"Barka da gida, Mista Harlan."

"Ka gane hanya ke nan. Na ɗauka can sun canja maka taswira."

Darlene ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Aka yi addu'a, aka yanka talotalo. Na ƙudura ba zan yi magana ba, na kuwa riƙe bakina har aka zo kan dankali.

"Kai dai gaya mini," na ce. "Me muka yi maka?"

"Ku? Ba komai, yallaɓai. Koci ne ya kira ni ofis, ya ce in ina son benci, ga benci. Shekara biyu ta rage mini. In ban buga ba, wa zai gan ni?"

"Sai ka yi haƙuri. Mu da muka shekara tara ba mu ci Orrick ba, wa ya koma can?"

"Ai ku ba gwiwarku ake karyawa ba, Mista Harlan."

Darlene ta yi dariya har da tari. Na ce to me ya sa Orrick, ba wata ba. Ya ce su kaɗai suka ɗauke shi da karatun da ya riga ya yi, kuma mahaifiyarsa na iya zuwa kallo da bas. Na ce bas ba dalili ba ce. Ya ce, "Da koci ya tafi, na ga hotonka kana yanka kek." Na ce wannan daban, koci aikinsa ne. Ya dube ni, ya miƙo mini kwanon miya. Babu abin da ke ƙona rai irin yaro mai ladabi.

Da zai tafi ya tsaya a falo yana kallon rigar. "Na ji ana son ta gobe," ya ce. "In za ta jawo maka magana, ka ba su. Riga ce."

"Ba wanda zai ba su komai," in ji Darlene daga kicin.

Juma'a da safe dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ga ban taɓa yin wayo irin wannan ba. Na tura aka sayo mini riga mai sunansa daga shagon bakin makaranta. Na shimfiɗa ta a teburin aiki, na sa ƙarfen ɓare taya na yage kafaɗar da ke wajen hannuna na hagu, yadda nake ganinta kullum a falo. Na murza ta a ciyawar bayan shago, na taka ta, har na sa ta na hau matakala sau da yawa don ta yi gumi. Namiji mai furfura, yana haki cikin rigar yaro. Ga wuta zan kunna, ga gilashin Darlene ban taɓa ba.

Da rana ta yi ƙasa filin ya cika. 'Yan badujala na kaɗawa, yara na bisa wuyan iyayensu, kowa cikin kore, launin Pellam. Na miƙa wa Buford ledar, ya zaro rigar ya ɗaga sama da hannu biyu, filin ya ɗauki ihu. Aka sa mini sandar a hannu. Na matsa kusa da tulin itacen.

Sai na ji ihun na raguwa daga sahun gaba. Wata tsohuwa mai keken guragu ta nuna da yatsa.

"Buford, juyo ta nan. Wannan ai kafaɗar dama ce."

Buford ya juya rigar, ya gyara tabarau. Na tsaya ina lissafi a kaina. Ta falo, baya ne ke kallona. Ta shago kuwa, rigingine na shimfiɗa ta.

Mutanen nan sun kalli hoton bidiyon gudun nan fiye da yadda suka kalli na aurensu. Suna tsine wa yaron safe da yamma, amma ba wanda ya manta ta wace kafaɗa aka riƙe shi.

"Hagu ce," wani ya ce. "Lamba hamsin da biyu ne ya kama shi ta hagu."

"Kuma ga takardar shago a wuya," in ji Lonnie, yana leƙowa. "Harlan, ko farashin ba ka cire ba?"

Ai tun a shago na cire farashin. Wannan takardar umarnin wanki ce. Amma wa zai saurare ni?

"Ɗana," in ji Buford a hankali, "mun ɗauka namu ne kai. Jiya ka ciyar da shi, yau ka kawo mana jabu."

"Mista Buford, sunan nan ai ɗaya ne. Wuta ba ta san dama da hagu ba."

"Mu mun sani."

Ya karɓi sandar daga hannuna ya ba Lonnie. Ya ce kuma kujerata ta gobe a cikin 'yan ƙungiya, ya ga gara in ba wani ya zauna, kafin zukata su huce. Rigar tawa ko ƙona ta ba su yi ba, sun ce ba ta kai ba. Jar riga suka nemo daga motar wani. Lonnie ya kunna ta gefen da iska ke kaɗawa, sai da ya yi sau uku, aka kuwa tafa masa kamar ya yi abin kirki.

Na isa gida na tarar Darlene ta riga ta ji komai, har da ƙari. Na ce aƙalla ta yaba, ban taɓa gilashinta ba.

"Sunan wa ke bayan wadda ka kai?" ta ce.

"Ta shago ce, Darlene."

"Na ji. Sunan wa?"

Na zauna. Ta ba ni ragowar talotalo mai sanyi, ba miya. Can ta ce Marquell ya bar mana tikiti biyu na wasan gobe a Orrick, na iyalan 'yan wasa, kusa da mahaifiyarsa, kuma ita za ta je.

"Wannan ai tsakiyar 'yan Orrick ne. Duk garin nan na tsallaken fili suna kallo."

"To ka zauna a gida. Sai dai ka san ba na tuƙi a babbar hanya, sai in roƙi matar Lonnie ta kai ni."

Na tauna naman. Na ce zan kai ta, amma koren kayana zan sa, kuma ko ya tsallake layi sau goma ba zan tashi tsaye ba.

"Sa abin da ka ga dama," ta ce. "Ka dai duba tayar baya, ta yi ƙasa."